Sai Rana Ta Mutu

Jiya ina tankaɗe ɗiyata ta dawo daga makaranta da labari. Wai malaminsu ya ce ita ma rana za ta tsufa, ta kumbura, ta ƙone duniya, sannan ta mutu. In da sauran mutane a lokacin, sai sun nemi wani wurin zama. Na aje rariya. Surukina ne ya faɗo mini a rai, wanda har yau ba na kama sunansa.

Shekarar da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Morai, maigidana ya yarda in shiga, amma ya ce in nemi izinin Baba, mahaifinsa. Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa da sabon littafina, yana ɓare goro.

"Baba, karatu nika son shiga."

"Ki shiga mana," in ji shi, "ran da rana tam mutu."

Haka yake ce wa duk abin da ya hana. Ya karɓe littafin, ya aika wa mai ƙosai. Sati guda ana kawo mana ƙosai a shafukansa, mai ya jiƙa haruffan da ban sani ba.

Sai bayan an kai shi kushewa na koyi rubuta sunana, da furfura a kaina. Ana cewa a yafe wa mamaci. Na gwada, ban iya ba tukuna. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya sanyaya mini zuciya kafin mu haɗu a gaban Ubangiji.