Ranar da na ce ba namu ba ne

Shekarun baya, lokacin ina da shagon kafinta a Wudil, na yi wata magana da har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi. Mu 'yan Katolika ne, kuma a unguwarmu ba mu wuce gida huɗu ba, saboda haka kowa ya san mu. Ni kuwa a wancan lokacin bakina ba shi da linzami. A coci ni ne mai ɗaga murya wurin addu'a, a gida kuma ni ne alƙali.

Ina da ƙane guda ɗaya, wanda giya ta riga ta kama. Ranar da aka yi wa 'yata baftisma ya shigo tsakar gida a buge, ya ture tukunyar shinkafa, ya zube a gaban surukaina. Kunya kamar in nutse. Na ɗauko jakarsa na wurga waje na ce, "Daga yau ba ni da ƙane. Ka je ka faɗa kogi ma, ba ruwana!" Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma tana kallo. Ya sunkuya ya ɗauki jakar ya fita, rosarinsa, wato carbinmu mai gicciye, yana reto a wuyansa.

Kwana tara ba labarinsa, waya a kashe. Damina ce, kogi ya cika ya batse. Ni dai ina ta cika baki cewa yunwa za ta dawo da shi, amma abinci ya daina wuce mini.

Rana ta goma da hantsi, maƙwabcina mai sayar da kifi, Musulmi ne, ya zo shago. Ya gaishe ni da kwana, da iyali, da aiki, da ruwa, ya sake komawa kan iyali, kuma duk bai kalli fuskata ba. Na ce, "Malam, don Allah faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce, "Masunta ne suka tsamo mutum a ƙasan gada. Akwai irin carbinku a wuyansa. Mai unguwa ya ce ka zo ka duba."

Gudumar da ke hannuna ban san lokacin da ta faɗi ba. Na so in sulale ba tare da mahaifiyata ta sani ba, ashe magana ta riga ni isa gida. Na tarar da ita a ƙofa, ta yafa sabon zanenta na zumuntar matan coci. Na ce, "Inna, ki zauna, ni zan je." Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, wuce mu tafi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba. Na yi ƙoƙarin karanta A gaishe ki Maryamu, addu'ar da na haddace tun kafin in iya ɗaura wando, wallahi ta ɓace mini ɗungurungum. Abu ɗaya ne ke yawo a kaina: ka je ka faɗa kogi. Ni na faɗa, da bakina, a gaban uwarmu.

Mun tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, ga 'yan sanda biyu, ga mai unguwa. An rufe gawar da tsohuwar tabarma. Wani dattijo cikin masuntan ya ɗaga mini gefe ɗaya. Ruwa ya riga ya ɓata fuskar, ba mai iya gane ta. Rosarin na roba ne, shuɗi, irin wanda ake raba wa kowa a coci, irin na ƙanena sak. Jiri ya ɗebe ni, maƙwabcina ya tare ni.

Sai na tuna da ƙafa. Muna yara a gona na sare wa ƙanena ƙaramin yatsan ƙafar hagu da fartanya, na sha dukan da ban manta ba. Na zagaya na ɗaga tabarmar ta ƙasa. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Yatsu biyar cif.

Na miƙe na ɗaga hannu sama na yi ihu, "Na gode wa Allah! Ba namu ba ne! Inna, ba namu ba ne, zo mu tafi!" Har da 'yar dariya, Allah ya yafe mini.

Dattijon nan ya dube ni ya ce, "To ɗana, na wane ne? Mu mun fito da shi, amma ba mu san yadda kuke yi wa naku ba."

Mahaifiyata ta matso, ta janye tabarmar, ta cire sabon zanen nan daga kafaɗarta ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Ta durƙusa a cikin laka ta yi masa addu'ar da ta gagare ni. Da ta gama ta ce mini, ba tare da ta juyo ba, "Wata ce ta yi naƙudarsa. Je ka ɗauko katako."

Hukuma ta ɗauki hoto, ta rubuta abin da za ta rubuta, aka ba da izinin binnewa a ranar saboda yanayin gawar. Katakon da na ajiye don ƙofar ɗakina da shi na haɗa akwatin. Ina buga ƙusa ina kuka. Fada, limamin cocinmu, ya zo da yamma, maƙwabcina da masunta biyu suka taya mu haƙa kabari a ɗan filinmu na bayan gari, sannan suka koma gefe suka tsaya har muka gama.

A wurin ne wani ya ce ya ga ƙanena a Lajawa yana ƙwadago a gonar wani abokinsa. Washegari na hau babur. Na same shi yana ciyawa, ya rame. Ƙafarsa kawai nake kallo. Ya ce, "Yaya, lafiya kake kallon ƙafata?" Na ce, "Ɗauko jakarka." Giyar ba a ranar ya daina ba, an sha fama, amma ban sake korarsa ba.

Da na je ikirari, wato furta zunubaina, wurin Fada, maganar kogi ta fito mini da sauƙi. Wadda ta maƙale mini a wuya ita ce ta biyun, cewa na tsaya a kan gawar mutum, halittar Allah, ina murna don ba jinina ba ne.

Har yau ba wanda ya zo neman mamacin. Duk watan Nuwamba, lokacin da muke tunawa da matattu, mahaifiyata takan sa in kai ta ta share kabarin, tana kiransa ɗana na bakin kogi. Ni kuma in na tsaya a wurin tsoron nan yakan dawo mini sabo. Ina tunanin wataƙila a wani gari akwai wani yayan mai baki irin nawa, wanda har yanzu yake kiran wayar da ke kashe.