Eriyar Jirgi da Gorar Gidanmu

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa kafin matata ta riga ni.

Ɗana makanikin jirgin sama ne. Wata Asabar ya shigo gidanmu a unguwar Sabo fuska a murtuƙe, ko tuwon amalar da uwarsa ta zuba masa bai taɓa ba. Wai rediyon wani ƙaramin jirgi ya ƙi: matuƙi na magana, masu ba da izinin tashi ba sa jin komai sai shuuu. Ya canja waya, ya duba gindin eriya, shiru. Ogansa kuma ya ce in bai gyara ba, ya nemi wani aikin.

Na gyara zama. A firamare na tsaya, amma kaf layinmu ba mai saita eriyar talabijin a kan gora kamata.

Na ce, "Kai yaro, hau bayan jirgin ka riƙa juya eriyar wajen unguwar Ojoo, yadda muke yi wa ta gidanmu. Wani ya zauna ciki yana ce maka, 'Ya yi! Bai yi ba!' Inda ya yi, ka ɗaure."

Uwarsa na ƙulla gyaɗar sayarwa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To Malam, in jirgin ya sha kwana a sama fa? Kai za ka bi shi da tsani kana juyawa?"