Fartanyar Baba da tsohon mai jita

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar nan da na kai wa Baba abinci gonar riɗinmu a Gagarawa, na tarar ya rungume fartanya kamar jita, yana kaɗa kai, wayarsa tana rera waƙar tsohon mai jitar nan na Nijar. Na laɓe a bayan bishiya har ya gama, sannan na yi sallama.

Jiya sai Yaya Sani ya ce memorin wayar Baba ya cika, a goge waƙoƙin tsohon.

Ya ƙara da cewa, "Mawaƙin da gemunsa ya yi fari fat! Wai me ake ji ne? Daga Maigatari har Gumel, kowace mota shi ne. Sabo da shi kawai aka yi."

Inna tana tankaɗe ta ce, "Sabon gidanku! Naku na yanzu wa zai iya daka da su? Wannan kiɗansa daidai yake da saukar taɓarya."

Yaya ya ce, "Baba, kai fa?"

Baba ya haɗe fuska. "Ni ina ruwana da kiɗa? Ku goge." Amma bai kalli kowa ba, sai gyaran hula yake.

Aka miƙo mini wayar, don ni ce mai wannan aikin a gidanmu. Ban taɓa waƙa ko ɗaya ba. Bidiyoyin ƙwallon da Yaya ya cusa ne suka tafi.

Yau da safe Baba ya duba wayar, ya dube ni, ya saɓa fartanyarsa yana murmushi.

Daga yau in na kai abinci, nesa zan riƙa tsayawa har waƙa ta ƙare. Ku a gidanku wa ke son tsohon nan a ɓoye?