Zauren Kaka da Ƙafafun Fatake

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tsayar da ni. Na kai iyalin kafil ɗina, wato uban gidana, tsohon garin lakar nan na bakin Riyad, ina jiran su a gindin mota, sai iska ta kawo min shi: laka da yankakkiyar ciyawa, ana kwaɓawa. Na leƙa. Wani muhandis, injiniya ke nan, da hular kwano da gilashi, yana tsaye a kan masu yaɓe kamar likita a kan mai naƙuda. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce, "Turas ne, ya hajji." Wato gadon kakanni. Ka ji fa. Abin da na tsere wa shi ne Larabawa suke bin layi su kalla.

Ni karatuna aji uku ne a lakwal, na ukun ma rabinsa a kasuwa na yi shi. Amma a fannin laka, malam, sai dai a gaishe ni.

Gidan Kakanmu masaukin fatake ne, a kan hanyar Damagaram zuwa Kano. Ƙofar zauren, raƙumi na shigewa da kayansa bai rusuna ba. Ciki bakan gizo huɗu ne suka haɗu a tsakiyar rufi, azara a jere kamar haƙarƙari. Kaurin bangon kuwa, muna kwanciya a kan dakalin taga mu miƙe ƙafa. Da bazara, rana na narka mutum a waje, kana shiga sai ka ji kamar an tsoma ka a randa. Bayan zaure akwai turaku, da rijiya, da warin kanwa da fatu wanda ba ya barin riga.

Kaka yana da doka ɗaya. Duk baƙon da ya kwana uku, kafin damina, sai ya tattare wando ya taka laka. Na ga Buzu da rawaninsa a cikin kwaɓi har gwiwa. Wani attajiri ya taɓa cewa zai sa baransa. Kaka ya ce, "Baranka ne ya yi maka barcin?" Ya shiga.

To, a makon da na ji ƙamshin nan ne ƙanena ya aiko min da saƙon murya. Wai zaure ya tsufa, bayan Sallah za a rushe shi a jera shaguna na bulo da kwano. Har ya yi magana da mai katafila.

Ban yi masa faɗa ba, ni dattijo ne. Na ce, "Rushe abinka. Amma bangon ba namu kaɗai ba ne. Ka fara neman izinin duk wanda ƙafarsa ke ciki." Ya yi dariya, ya ce duk sun mutu. Na ce ai sun haihu.

Ranar Juma'a na tafi Shumaisi, inda mutanenmu ke taruwa shan shayi, na ba da labari, na nuna hoton masu bin layi. Wani tsohon mai gadi ya ajiye kofi ya ce mahaifinsa ya sha kwana a zauren nan. Kafin sati ya zagayo, magana ta kai Agadas, ta kai Tanut. Wayar ƙanena ta kasa hutawa. Jikokin fatake suka ce kada ya taɓa, suna tafe.

Sun zo kuwa, a kan babura, suka yi yaɓe, suka gyara indararo.

Yanzu raƙuma sun daina bi. Direbobin manyan motoci ne ke tsayawa shan inuwa. Ni kuma ina nan unguwar Nasim ta Riyad, a ɗakin siminti da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyi. An ce ƙanena shi ke zagayawa da baƙi, yana ba su labarin yadda ya hana a rushe gidan. Na bar masa. Zaure dai yana tsaye.