Reshe a Bakin Tokuzo

Duk ƙauyenmu babu wanda ya kai Tokuzo iya haɗa bishiyar ume, mai ƙananan 'ya'ya masu tsami, babu kuma wanda ya kai shi ba ni haushi. Aikinsa shi ne ya yanko reshen mai kyawun 'ya'ya, ya tsaga gindin mai ƙarfin saiwa, ya cusa ya ɗaure. Ƙarshen sanyi ake yi, kafin idon reshe ya buɗe. Kamar yadda kakansa ya koya masa, da ya fere reshen sai ya saka a baki don kada ya bushe kafin ya gama tsaga gindin.

Matsalar ita ce yana son Shizue, wadda mijinta ya rasu tun gashinta na baƙi. Kowa ya sani, har karnuka. Amma kunya ba ta barinsa ya taka gonarta sai lokacin aiki, lokacin aiki kuwa bakinsa a cike yake. Ta gaishe shi, ya ce "mm". Ta kawo shayi, "mm". Haka suka yi furfura. Gonarta ta cika har babu wurin shanya, shi kuma yana ta ƙaro mata bishiya.

Bana ɗanta ya ce ta tattara ta koma wurinsa a birnin Osaka. Ina tsaye bakin shingen gonarta, yana cikin aiki, ta iso, ta fizge reshen daga bakin Tokuzo.

"Kai tsohon nan, jibi zan tafi. In kana da magana, faɗe ta."

Ya dube ta, ya dubi hannunta. "Zai bushe," in ji shi.

Wallahi sai da na ji kamar in jefe shi da takalmi.

Shizue ta yi tsaki, ta cusa reshen a nata bakin. Nan bakin Tokuzo ya ɓalle: kada ta tafi, gidansa yana da rana, ya iya dafa shinkafa, gwiwarsa ɗaya ce kawai ke ciwo. Ya tsaya yana jiran amsa.

"Mm," in ji Shizue.

Sai ya gane ba zai ji komai ba sai ya gama da gindin. Ya afka masa cikin gaggawa, ya tsaga a karkace, ya ɗaure kamar mai ɗaure buhu.

Bishiyar ba ta kama ba, ita kaɗai a duk rayuwarsa. Busasshen sandan yana nan, Shizue na rataya tawul ɗinsu a kai, nata da na Tokuzo.