Farin yashin Tudun Gawo

Akwai wata Asabar da har gobe in na tuna ta sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Ku da kuka zo ofishin nan bayanmu kun tarar da yawon keke na bakin tabki ya zauna da gindinsa, kuna zaton daga sama ya faɗo. To ku gyara zama.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin wasanni a Tasawa, aikina shirya taro da fitar da hanya. Kowace shekara bayan girbi mukan yi yawon keke. Ba tsere ba ne, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Malaman lakwal, wato makarantar boko, da ƴan kasuwa, masu gyaran keke, har da baƙi daga Maraɗi, kowa ya hau abinsa a zaga tare. Sai dai kullum bisa kwalta ake yi, a miƙe a dawo, manyan motoci suna hura mana hayaƙi. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na san akwai tabki a yamma da mu wanda ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, ga gawo, ga tsuntsaye, ga tudun da in ka hau shi kana hango gonaki har iyakar ganinka.

Na kai maganar gaban shugabanmu, Mushe Haruna. Tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa sunan Mushe, yadda ƴan makaranta ke kiran malami da Faransanci, ya bi shi har ofis, kuma magana ɗaya yake yi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Laminu, mi ne abokin gaban keke?"

"Yashi, shef."

"To ƙasarmu duk yashi ce. Na ba ka bana. In na ga mutum guda ya sauka yana tura keke cikin yashi, baɗi mun koma bisa kwalta, kuma kada in ƙara jin zancen tabki."

Na fito daga ofishinsa kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Ga wanda bai san aikin ba, fitar da hanya ba zama ake a zana a takarda ba. Keke za ka hau da kanka, don moto, wato babur, maƙaryaciya ce, tana wuce wurin da keke zai kafe. Fako kake nema, wato ƙasa mai tauri, kana kauce wa yashi da inda tsidau ya yi yawa, don ƙayarsa ba ta barin taya. Inda hanya ta rabu ka zana kibiya da farar ƙasa, ka ɗaura jan ƙyalle a reshe. Sannan kowane ƙauye ka sauka ka gai da maigari da goronka, don ba a ratsa garin mutane kamar ɓarawo. Na yi makonni ina wannan zirga-zirga har cinyoyina suka daina yi mini biyayya.

Wurin da ya fi burge ni shi ne Tudun Gawo, ƙauyen da ke zaune a kan tudun nan. Hanya ta ratsa tsakiyarsa, jar ƙasa mai tauri kamar siminti, daga nan ta gangara bakin tabki. Ƴan Maraɗi suna mana ba'a wai ba mu da ko dutsen da akuya za ta hau. Na ce a raina, bari ku hau wannan tukuna.

Maigari Sanda, dattijo mai farin gemu da yawan fara'a, ya saurare ni har na gama.

"Ɗana, tun da nike, baƙi masu yawa hakanga ba su taɓa biyowa ta garinga ba. Mi za mu tanada?"

"Baba, kada ku wahalar da kanku. Ruwan sha kawai."

Ya yi murmushi, ya ce to. Ku ma kun sani, in ka ce wa Bahaushe kada ya wahalar da kansa saboda baƙo, ka ba shi aiki ke nan.

Ranar Asabar, da na idar da asuba, na hau moto na riga ayari, kamar yadda ƙa'ida ta ce, don in duba ko shanu ba su share kibiyoyina ba. Duk suna nan. Ina tafe ina ƴar waƙata har na hau tudu, na sha kwanar masallaci. Nan moto ta yi wutsil-wutsil ta kwanta da ni.

Na tashi na duba. Jar ƙasar nan ta ɓace. Tun daga masallaci har ƙarshen gari an shimfiɗa farin yashi mai laushi, an share shi da tsintsiya har da zane-zane, zurfinsa ya kai idon sawu. Kyau kam ba a magana.

Maigari ya fito da babbar rigarsa, fuskarsa cike da murna.

"Ka gani, ɗana? Gayya munka yi. Duk amalanken da ke garinga sai da ta ɗebo daga rafi. Baƙo ba ya taka tsurar ƙasa a ƙofar gidana."

Haka al'adar take, kuma ni ma a cikinta na tashi. In za a yi suna ko babban baƙo zai zo, farin yashi ake zubawa a tsakar gida. Mutanen nan sun ɗauki hanyar gari sun mai da ita tsakar gida saboda mu. Gaba kura baya sayaki ke nan. In na yi shiru, kekuna za su kafe a gaban Mushe Haruna, hanyar tabki ta mutu daga ranar. In na ce a kwashe, na watsa wa dattijo ƙasa a ido a gaban jama'arsa.

Na ja shi gefe, na durƙusa.

"Baba, wannan karamci ya fi ƙarfin bakina. Amma bari in nuna maka wani abu."

Na ari keken wani tela da ke jingine a zaure, na hau daga bayan masallaci, na taho da gudu. Ina shiga yashin keken ya tsaya cak, na tafi ta gefe, hulata ta yi nata wuri. Mutane suka fashe da dariya. Maigari bai yi ba. Ya daɗe yana kallon ramin da taya ta yi.

"Ashe garin neman gira za mu rasa ido," in ji shi a hankali. "Yanzu duk wahalar mutanena ta tashi a banza?"

Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce ba duka nake so a taɓa ba, faɗin tabarma ɗaya a tsakiya ya ishi keke, sauran ya zauna dama da hagu kowa ya gani. Sai dai ko an janye, abin da ya rage zai yi santsi.

Wata tsohuwa da ke tsaye da ƙwarya, Inna Tsahara, wadda ke shugabantar matan garin, ta sa baki.

"Maigari, maza su ja da hauya. Abin da ya saura a bar mana. In muna daɓe ɗakin amarya, hanya ce za ta gagare mu?"

Maigari ya ɗaga kai, ya ce a kira mai ganga.

Ban taɓa ganin gari ya tashi tsaye kamar na ranar ba. Maza suka jeru da hauya suna jan yashi gefe biyu. Amalanken jakai suka gangara tabki, suna dawowa da jarkokin ruwa da laka. Mata suka fito da madaɓai, itacen nan mai faɗin kai da ake buga ƙasa da shi, suka durƙusa sahu-sahu, ana yayyafa ruwa suna bugawa a tare, Inna Tsahara tana ba da waƙa suna amsawa. Ni ma na tuɓe riga na karɓi hauya. Wata ta ce hannun ɗan biro, wato ma'aikacin ofis, bai san aiki ba, na ba ta amsa da gumi.

Lokaci ne matsalar. Na buga wa mai usur ɗin ayari waya, suna wurin hutu na farko. Na ce ya ɗora shayi, kuma kada kowa ya tashi sai an sha kofi na uku. Ya tambaye ni lafiya, na ce ya sha shayi kawai.

Hantsi ya ɗaga, saura kaɗan a kai ƙarshen gari, sai muka ji usur daga ƙasan tudu. Na tuna motar Mushe Haruna ce a gaba, kuma in ta hau ɗanyen daɓen nan ta gama da shi. Na ruga na tsaya tsakiyar hanya, ba riga, laka har gira, na ɗaga hannu biyu. Direba ya taka birki. Mushe ya leƙo.

"Laminu, ka haukace ne?"

"Shef, mota ta zaga ta bayan gari. Kai kuwa don Allah ka sauko ka gani da ƙafarka."

Ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba. Ya dube ni, ya sauko.

Kekuna suka hauro tudu suna haki, ƴan Maraɗin nan harshe a waje. Suka sha kwanar masallaci, sai ga jar hanya sumul tana sheƙi tsakanin farin yashi dama da hagu, mata suna tashi daga kanta da madaɓai a hannu. Na farko ya shiga. Taya ta kama ƙasa, ya wuce kamar an harba shi. Na biyu ya bi, na uku ya bi, guɗa ta kaure, ganga ta ɗauka. Can ƙarshe, inda ba a gama bugawa ba, wani tsohon malami mai tumbi ya yi tangal-tangal, gari duka ya yi salati, ya dage ya murza feda ya fita. Na tsinci kaina ina tsalle ina ihu kamar ba ma'aikacin gwamnati ba.

Babu wanda ya sa ƙafa a ƙasa. Suka gangara tabki suka zaga shi, sannan ba wanda ya umarce su, suka sake hauro tudun don su ƙara bi ta kan daɓen.

Mushe Haruna ya durƙusa ya taɓa ƙasar da yatsa, ya dubi tafin hannun Inna Tsahara da ya yi jawur, aka ba shi labari. Sai Maigari ya matso.

"Mushe, mun kusa ɓata maku biki. In kun yafe, baɗi ku faɗa mana da wuri, mu daɓe har bakin ruwa."

Mushe ya cire hularsa, ya kama hannun dattijon da hannu biyu.

"Baba, baɗi ni ma bisa keke zan zo."

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mai fitar da hanya ba ƙasa kaɗai yake dubawa ba, don ƙasar tana da masu ita, kuma ba za su zauna hannu rabbana baƙo yana zuwa ba. In kun je gai da maigari, kada ku ce masa ya huta, ba zai huta ba. Ku gaya masa abin da keke ke so, ku ba shi aikin da zai yi alfahari da shi. Mutanenmu in sun ɓata maka shiri da karamci, da karamcin nan za su gyara shi, muddin ba ka kunyata su ba.