Azumin Talata

Idan damina ta sauka a Gadarif, baƙar ƙasar nan tamu takan kama takalmi ta ƙi saki, mutum ya yi ta tafiya a hankali kamar cikin barci. A irin wannan damina, shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum da Jazira suka cika garin, nake koya wa mata ɗinki a wani ɗaki mai rufin kwano. Har yau in na rufe ido ina jin kekuna na tafiya tare da ruwan da ke dukan rufin, ga ƙamshin man keke da na yadi mai danshi.

Da hantsi akan yi fatur, karin kumallonmu na nan. Kowace ta juye abin da ta zo da shi a babban faranti ɗaya, wake ko kisra, wainar dawarmu ta nan, ko ɗan tumatir, a kewaye a ci ana dariya. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi. Ran da na ga tabon man riɗi a farin yadi, na ce an daina. Kowace ta fita gindin dogonyaro da kwanonta, ta wanke hannu da sabulu kafin ta dawo. Aji ya yi tsaf, na ji daɗin kaina ba kaɗan ba.

Akwai wata siririya da ta gudo daga Madani da 'ya'ya uku, mai hannun ɗinki sosai. Tun daga ranar ba ta ƙara tashi lokacin fatur ba. In na tambaya sai ta ce, "Azumi nake, ya ustaza," ta ci gaba da taka keke. Ina son zaman nan namu mu biyu, ɗaki shiru, hasken taga a kan mayafinta, zare yana ta sauka. Har nuna ta nake wa sauran, ina cewa ga mai himma, su kuwa ba su san komai ba sai ciki. Da layin ɗinkinta ya fara karkacewa na sa ta farke, sau biyu, sau uku. Ta farke, ta sake ɗinkawa.

Damina na ja baya aka wayi gari kujerarta ba kowa. Wata dattijuwa cikin ɗalibaina ta jira aka fita, sannan ta matso.

"'Yata, Litinin azumi, Alhamis azumi, mun yarda. Talata fa? Abin da ta samu yara take bar wa. A faranti ɗaya wa zai san ba ta kawo komai ba? Yanzu da wane kwano za ta fita?"

Na ce, "Hajiya, me ya hana ku faɗa mini?"

"Mu tona mata asiri? Haram. Mun kira ta, ta ce azumi take."

Na tafi nemanta makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Maƙwabciyarta ta ce ta bi babbar mota zuwa Fashaga yankan riɗi, can ana ba ma'aikata abinci.

Na daɗe tsaye a farfajiyar, kunya ta hana ni motsi. Ni dokar ba ta hau kaina ba. Kullum a teburina nake cin burodina da shayi, taku biyu tsakanina da ita, ina ɗan juya mata baya don kada in shiga haƙƙin mai azumi.